Dabo Majalisa da Rumbun Iri

Ba a raɗa wa Dabo suna Majalisa ba, daga Legas ya kwaso shi. Ɗan Unguwar Gawo ne a ƙasar Kunci, inda gona ke manne da gona har ba ka sanin inda taka ta ƙare sai ka ga layin gamba. Yana saurayi ya tafi cin rani, ya yi dako, ya yi gadi, daga baya mutumin da yake yi wa gadi ya samo masa aikin masinja a Majalisar Dattawa, lokacin mulkin farar hula. Shekara huɗu yana tsaye a bakin ƙofar zauren, yana kai takarda daga wannan kujera zuwa waccan. Bai yi boko ba, amma kunnensa ya sha ƙa'ida har ta zauna masa daram: ba mai magana sai an ba shi dama, ba a tattauna batu sai wani ya mara masa baya, shugaba ba ya shiga muhawara, kuma abin da aka buga wa guduma ya wuce ke nan.

Ya koyo wani abu kuma wanda ba a rubuta shi ba. Ya sha ganin mutum biyu suna ƙus-ƙus a baranda da safe, da rana su shiga zaure kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Tun daga nan Dabo ya daina yarda da fuskar mutum. In ka gaishe shi da fara'a, sai ya tsaya tunanin da wa ka gana kafin ka zo.

Da sojoji suka karɓe mulki aka kulle zauren, ya dawo gida da akwatin ƙarfe da rediyo, ya tarar da fari yana jiransa. Mutanen gari ma ba su sake da shi ba. Wa yake shekara huɗu cikin manya ya dawo hannu wofi? Ai sai dai in ya binne wani abu. Duk da haka, da ƙungiyar manoman garin ta rasa shugaba, shi aka ba, rabi don ya ga duniya, rabi don a ga abin da zai yi.

Abin da ya fara yi shi ne gyara yadda ake taro. Da can, in aka kawo maganar da ba ta kwanta wa mutane ba, ba mai cewa uffan. Wannan ya tuna bai ba akuya ruwa ba, wancan ya tashi sabunta alwala, kafin magariba mai maganar ya rage shi kaɗai a gindin gawo, maganar ta mutu ba wanda aka kunyata. Dabo bai ga hikima a nan ba, maƙarƙashiya ya gani. Ya kafa doka: ba mai tashi sai an yanke, masu goyon baya su ce eh, waɗanda ba su yarda ba su ce a'a. Ya samo guntun taɓarya da wani kututture, suka zama gudumarsa. A gaskiya dokar ta yi rana, don da ita aka yashe rijiyar da ta shekara uku ana ja-in-ja a kanta.

Ƙungiyar tana da rumbu guda, a cikinsa dami arba'in na geron iri, wanda kowane gida ya zuba daga ɗan abin da farin ya bari. Gero ne ɗan ƙasa mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan yi ido. Dami uku na Dabo ne, irin da ya gada daga ubansa. Kowa ya san in rumbun nan ya tafi, damina za ta zo ta same su ba abin zubawa a rami.

Cikin bazara, lokacin da ake dafa ganyen tafasa a ci a kwanta, sai ga Alhaji Ja'afaru, ɗan garin da ke fataucin hatsi a Dawanau. Ya zo da tayi mai daɗin ji: a ba shi geron, ya ba da ninkinsa na masara a ci yanzu, in ruwa ya sauka kuma shi zai kawo iri. Dabo ya ji ƙamshin wani abu. Mai hatsi ba ya ba da biyu ya karɓi ɗaya don Allah da Annabi. Ya kuma lura motar Alhaji ta daɗe a ƙofar gidan Baba Mati, dattijon da ya fi kowa shekaru, wanda rabin garin ko 'ya'yansa ne ko surukansa.

Ranar taro, bayan la'asar, magidanta talatin da biyu suka zauna. Baba Mati ya nemi dama, aka ba shi. Kansa a sunkuye ya ce, "To jama'a, kun dai ji abin da Alhaji ya zo da shi. Yara na kuka. Na ce a duba."

"Akwai mai mara baya?" in ji Dabo.

Babban ɗan Baba Mati ya ɗaga hannu, ba tare da ya kalli kowa ba.

Dabo ya buɗe fili. Shiru. Maganar tana cin sa a ƙirji, yana so ya ce musu irin Alhaji ba lallai ya san ƙasar nan ba, ba lallai ma ya zo ba, amma shugaba ba ya shiga muhawara, kuma shi ya koya musu haka. Ya bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya yana neman mai tashi. Ɗanliti maƙwabcinsa, wanda jiya-jiya ya rantse masa gara ya ci ƙasa da ya ci iri, yana can yana zane a ƙasa da tsinke. Can sai Ɗanliti ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Malam Ɗanliti, ina zuwa?"

"Jakina na bari a rana, shugaba."

"Jaki zai jira. Ba mai tashi sai an yanke."

Mutum uku da suka fara neman takalmansu suka koma suka zauna.

"Masu goyon baya su ce eh."

Murya biyar ta fito, duk daga gidan Baba Mati, ita ma kamar ta marasa lafiya.

"Waɗanda ba su yarda ba su ce a'a."

Ba ka jin komai sai kukan kurciya a kan gawo. Ya maimaita. Ya sake maimaitawa, abin da bai taɓa ganin an yi a zaure ba. Mutum ashirin da bakwai suka zuba wa ƙasa ido. Zuciyar Dabo ta yi baƙi ƙirin, ya ce a ransa an gama da su tun a soro, kowa an cika masa mudu. Ya ɗaga taɓarya, ya buga.

Kashegari motar Alhaji ta kwashe rumbu tas. Masara ta zo, aka ci, ba wanda ya yi godiya. Dabo ya daina amsa gaisuwar Ɗanliti. Gari kuma ya ɗauka cewa Dabo ne aka saya, in ba haka ba me ya sa ya tsare mutane ya hana su tashi? Matarsa Luba ta jiyo a bakin rijiya ana cewa buhu biyar aka kai masa a ɓoye. Ta dawo ta faɗa masa, ta ƙara da nata: "Malam, kai ka taɓa jin wani ya ce wa Baba a'a a gaban jama'a?" Ya ce mata ba ta san siyasa ba.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata, mai yawa, har ƙasa ta jiƙu kamu guda. Garuruwan maƙwabta suka fita da sungumi. Unguwar Gawo ta zauna tana kallon hanya. Sai bayan kwana ashirin da uku irin Alhaji ya iso, wani dogon gero na kudu da ke son ruwan wata huɗu. Aka shuka don ba yadda za a yi. Ya tashi kore shar, ya fi mutum tsawo, ruwa ya ɗauke yana shirin fitar da kai.

Da kaka, ba abin yanka sai kara, Baba Mati ya kwanta ciwo ya aika a kira Dabo. Dabo ya je a shirye, yana zaton yau zai ji nawa aka ba kowa.

Tsohon ya kalli rufin ɗaki ya ce, "Dabo, ko ƙwaya ban karɓa ba. Ja'afaru ɗan ƙanwata ne, ya durƙusa a gabana ya ce in kai maganarsa. Ba zan iya ce masa a'a ba. Na ce a raina in faɗa, su watse kamar yadda aka saba, in ce masa jama'a ba su tsaya ba."

"Yaranka fa, Baba? Ai sun ce eh."

"To ubansu ya yi magana, su bar shi shi kaɗai?" Ya yi tari, ya juyo da kai. "Da na ga Ɗanliti ya miƙe, har hamdala na yi. Sai ka zaunar da shi."

A duk taron nan ashe ba mutum ɗaya da yake son a sayar, kuma shi da ya fi kowa ƙi, shi ya tsare su har aka sayar. Ya yi wa tsohon addu'ar samun sauƙi, ya fito.

Ya rayu shekaru bayan haka, bai sake shugabantar ko taron suna ba. Geron ubansa kuwa ya neme shi a kasuwar Ɗanbatta da ƙauyukan da ke kewaye, an ba shi masu kama da shi, bai sake samun ainihinsa ba.