Rayuwar Malam A-Bar-Shi, Mai Koyar da Tattalin Arzikin Injiniya

Haihuwa da Asali

An haifi marigayi Malam, wanda ɗalibansa suka laƙaba wa A-Bar-Shi, a shekara ta 1951, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinsa mai gyaran keke ne, mahaifiyarsa kuma tela. 'Ya'yansu biyu ne, duk maza, shi ne ƙarami. Da mahaifin ya rasu a 1960, wansa ya bar makaranta yana aji huɗu ya shiga gareji domin ƙanin ya ci gaba da karatu. Har suka tsufa ba su taɓa tayar da wannan magana a tsakaninsu ba.

Karatu

Ya shiga firamare a 1958, sakandare a 1965, sannan jami'a a 1972, inda ya karanta ilimin injuna ya kammala a 1976. Ya sami digiri na biyu a 1979. Bai taɓa maimaita aji ba, bai kuma taɓa neman alfarma wurin wani malami ba.

Fara Koyarwa

A 1980 jami'ar ta ɗauke shi aiki a tsangayar injiniya, aka miƙa masa darasin da manyansa duka suka ƙi, wato tattalin arzikin injiniya, wanda a lokacin wajibi ne ga kowane ɗalibin shekarar ƙarshe. Ma'anar darasin ita ce injiniya ya auna kafin ya taɓa: wane inji ne zai fi daɗewa, me zai ci na mai da gyara, kuma a wace shekara ce gyara yake komawa hasara.

Abokan aikinsa ba su ɗauki darasin a bakin komai ba, suna kiransa lissafin 'yan kasuwa. Wansa ma, da yake bakanike ne, ya daɗe yana masa ba'a cewa bai taɓa ganin injiniyan da farcensa ya fi na amarya tsabta ba.

Yana da ƙa'ida guda wadda ba ya sassautawa. Duk tambayar da ya bayar, ko a sayi sabon inji ko a gyara tsoho, dole ɗalibi ya auna zaɓi na uku, wato a bar abin yadda yake. Wanda ya manta da wannan, ko lissafinsa ya yi kyau kamar zane, ya faɗi. Daga nan laƙabin ya samo asali. Ya san da shi, bai hana ba.

Daga 1983, kowace shekara yakan kai ɗalibai garejin wansa, a jera musu tsofaffin injuna uku su yanke hukunci a kansu. Idan sun gama, wan ya kasa kunne ga ƙarar kowane inji ya faɗi nasa. Sau da yawa kunnen da takardar Malam sukan zo ɗaya. Tun daga nan ba'ar farce ta ƙare.

Aure da Iyali

Ya yi aure a 1982. Mai ɗakinsa ma'aikaciyar jinya ce, mace mai raha, ita kaɗai ke iya sa shi dariya a gaban mutane. Takan gaya wa baƙi cewa sai da ya lissafa shekarun da za ta yi ba gyara kafin ya nemi aurenta. Allah Ya ba su 'ya'ya huɗu tsakanin 1983 da 1992.

Maganar Janareto

A 1994 tsangayar ta ƙuduri aniyar sayen babban janareto, aka kafa kwamiti aka sa shi ciki domin a sami sa hannunsa. Ya yi mako uku yana auna wutar da ɗakunan gwaji ke sha, ya rubuta cewa tsofaffin janareto biyu da ake da su, in an gyara su, za su yi shekara goma, babban kuwa zai sha man da tsangayar ba za ta iya ba shi ba. Shugaban tsangaya ya ce masa an gayyace shi ne ya sa hannu, ba ya ba manyansa jarrabawa ba. Ya mayar da alƙalaminsa aljihu ya fita.

An sayi janareton. Ya yi aiki wata goma sha tara ya tsaya saboda rashin mai, aka lulluɓe shi da tamfol a bayan ɗakin gwaji, inda kowa ke wucewa safe da yamma. Da Malam ne ya yi kuskure, da an yafe masa. Tun daga lokacin, idan ya shiga ɗakin hutun malamai sai hira ta mutu. Ya daina shiga, ya riƙa cin abincinsa shi kaɗai a ofis.

Raguwar Darasi

A 1998 aka mayar da darasin na ganin dama, tare da sharaɗin cewa duk darasin da ya yi shekara biyu a jere bai sami ɗalibi biyar ba za a soke shi. Ɗalibai, da yake sun san tsananin makinsa, suka fara gudu. Daga sittin suka koma ashirin, daga ashirin zuwa takwas.

A 2003 mai ɗakinsa ta rasu. 'Ya'ya kuma ɗaya bayan ɗaya suka bar gida, karatu da aure da aiki suka kwashe su. Ya rage daga shi sai rediyo.

A 2009 ɗalibai huɗu ne suka yi rajista. Wansa ya same shi a gida ya ce ya sassauta maki na shekara ɗaya tak, yara su gaya wa juna, darasin ya tsira. Malam ya ce, "Yaya, kai kana sakin mota ba birki don mai ita ya dawo maka gobe?" Wan bai sake ba da wannan shawara ba. A cikin huɗun nan biyu suka faɗi.

A 2010 ba wanda ya yi rajista. Duk da haka, kowace Talata da ƙarfe goma na safe yakan hau bene zuwa ɗaki na shida, ya goge allo, ya rubuta kan darasin ranar, ya zauna a gaban kujeru sittin har awa ta cika, ko wani zai shigo. Mai shara ce kaɗai shaida. A 2011 aka soke darasin da takarda mai layi uku.

Ritaya da Rasuwa

Ya ajiye aiki a 2012. Ya shafe sauran kwanakinsa yana sake rubuta darussan da hannu, daki-daki, domin wanda zai zo bayansa kada ya sha wahala. Ya rasu ranar Alhamis a watan uku na 2014 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da uku. An binne shi a ranar, kusa da mai ɗakinsa. Daga tsangayar mutum biyu suka halarta, ɗayansu mai gadi ne.

Ya bar 'ya'ya huɗu: babbar, likitar yara, mai bi mata, malamin makaranta, ta uku, ma'aikaciyar kotu, sai auta, mai sayar da kayan gini. Ya bar jikoki tara. A cikinsu babu injiniya.

Darussan, kwali goma sha ɗaya, an kai wa tsangayar ta ce ba ta da wurin ajiya. Suna ɗakin wansa, a kan katako saboda danshi. Wan ba ya iya karanta su. Duk wanda zai koyar da su ya zo ya karɓa.