Ranar da Baba Ya Ce Ya Yafe

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safiyar wata Talata bel ɗin injin casar shinkafa ya kama hannun Baba na dama. Na san lokacin ne saboda nan take wani abokin aikinsa ya kira ni, wayar ta yi ta rawa a cikin jakata ina zaune a layin gaba a aji, a makarantar koyon aikin gona da ke Shabu. Ban ɗauka ba. Kunya ta hana ni fita malami yana magana. Sai da aka tashi na duba, na hau mashin zuwa Lafiya ina riƙe da littafina a ƙirji kamar zai yi mini wani amfani.

Yatsu uku suka tafi, na huɗun ya sandare. Shekara goma sha huɗu Baba yana aiki a wannan injin.

Juma'ar farko bayan an sallamo shi daga asibiti, mai injin ya zo gida da dattawan unguwa biyu da Baffa, yayan Baba. An sauke buhun shinkafa daga keke. Mai injin ne ya ɗauki nauyin asibiti, kowa ya sani. Na kai musu ruwa, na koma bayan labule na tsaya.

Mai injin ya ce, "Malam, a wurina abin nan ya same ka. In akwai haƙƙinka a kaina, ka faɗa a gaban mutanen nan."

Baba ya ɗora hannun da aka naɗe a kan gwiwarsa, ya ce, "Babu komai tsakaninmu, Alhaji. Allah ne ya kawo. Na yafe, duniya da lahira."

Aka shafa fatiha. Dattawan suka yi ta sa masa albarka, ɗaya ya ce irin Baba sun yi ƙaranci. Ni ma a ranar na ji alfahari.

Shinkafar ta ƙare, hannun bai dawo ba. Ba ya iya riƙe shebur, ba ya iya ɗaga bakin buhu. Ya daina cin tuwo da maza a ƙofar gida, domin ba ya son a gan shi yana kai loma da hagu. Sai Inna ta kai masa ɗaki ta ja ƙofa. Ita kuma ta fara soya ƙosai da safe, abin da ba ta taɓa yi ba.

A wata na bakwai da faruwar abin, ina neman wani abu daban a laburare, na ci karo da dokar diyyar ma'aikata. Ta ce masu ɗaukar ma'aikata suna zuba kuɗi a wani asusu, wanda ya nakasa a bakin aiki kuma ana biyansa daga nan, amma sai ya nema cikin shekara ɗaya. Na kwafe shafukan da hannu, na ja layi a ƙarƙashin shekara ɗayan. Kwana huɗu ina juya maganar kafin na durƙusa gaban Baba na karanta masa, ina fassarawa.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Uwata, kin gama?"

"Na gama, Baba."

"Ranar nan ba ke ce a bayan labule ba? Ina ganin ƙafarki. Me kika ji na ce?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Mutum ya ce ya yafe a gaban dattawa, sannan ya zagaya ya kai takarda ofis? Da wace fuska zan shiga masallaci?"

Na ce ba ƙara ba ce. Amma muryata ta yi ƙasa, domin ni kaina ban tabbata ba. Ban sani ba ko takardar za ta jawo wa mai injin fitina, ban kuma sani ba ko kalmar da Baba ya faɗa ta riga ta rufe ƙofar. Dokar da na kwafa ba ta ce komai a kan yafiya ba.

Baffa da ya ji labari dariya ya yi. "Lauyar gidanmu! An tura ki koyon noman doya, kin dawo mana da kotu." Inna ba ta sa baki ba, sai da muna wanke waken ƙosai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki ƙyale su. Ki je ki tambayo."

Zuwana na farko ofishin asusun diyyar, na zauna a benci har aka tashi, ban yi wa kowa magana ba. A na biyu wani jami'i ya miƙo mini fom yana latsa waya. Da na yi ƙarfin hali na tambaye shi maganar yafiya, ya ce, "Wannan ai sai malamai." Na je wurin malaminmu na Islamiyya, ya yi dogon tunani, ya ce, "Wannan sai 'yan ofis." Haka watanni suka yi ta wucewa, fom ɗin yana ninke a cikin littafina. Duk safiya in na ji ƙaurin man ƙosai sai na ƙirga kwanakin da suka rage.

A wata na goma sha ɗaya na koma. Wannan karon wata mata mai furfura na samu, tana cin dafaffiyar gyaɗa a kan fayil. Ta miƙo hannu, ta ce, "Kawo littafin, tunda maganar ta ƙi fita." Ta karanta duk abin da na rubuta: ranar, lokacin, abin da likita ya ce, har da kalaman Baba. Ta tashi ta duba wani kabad, ta dawo ta ce sunan injin yana cikin waɗanda suka yi rajista.

Na ce, "Mama, to in mutum ya riga ya ce ya yafe fa? Shi ke nan?"

Ta karkaɗe ɓawon gyaɗar daga zanenta.

"'Yata, mai injin ne babanki ya yafe wa, kuma ya kyauta. Mu bai yafe mana komai ba, haƙƙinsa yana nan. Ba daga aljihun Alhajin za a biya shi ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, za mu je mu tambayi Alhajin me ya sa bai kawo mana rahoto ba, kuma ba zai ji daɗi ba. Ki faɗa wa babanki wannan ma, kada ki rage. Saura mako biyar. Fom ɗin nan ba zan karɓa daga hannunki ba, sai ya zo da ƙafarsa ya dangwala, ko da na hagu ne. In ya ƙi zuwa, babu abin da ni da ke za mu iya yi."