Turmin Ɗan Barmo Mai Tashi Sama

Kakarmu Iya Hassu ba ta iya ba da tatsuniya yadda yara ke so ba. In sanyi ya shigo Matameye, bayan magariba takan hura wuta da karan gero a tsakar gida, mu jikokinta mu kewaye ta. Sai ta ce, "Ku matso, ga wata nan ta iso, wanda ya yi gyangyaɗi ba na maimaitawa." Daga nan ta fara, kuma daidai inda labari ya yi daɗi sai ta tsaya tana gyara wuta. Mun sha jin haushinta.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce ta Ɗan Barmo masassaƙi. Wai ya sassaƙa turmi wanda in ka shiga ka buga gefensa sau uku da taɓarya, sai ya tashi sama da kai. Attajiran garin suka yi ta rububi, kowa ya sa aka sassaƙa masa nasa. Ranar kasuwa sama ta cika da turame. Wannan ya bangaji wancan, rawani ya faɗo, kaji suka watse, iskar tashinsu ta zubar wa mata da garin da suka shanya. Babu wanda ya san wa zai kauce wa wani, don ba a taɓa yin hanya a sama ba.

Ana cikin haka sai wata mata ta fito da ɗanta ba lafiya, tana neman wanda zai ƙetarar da ita kogi zuwa wurin mai magani. Ta ɗaga kai tana kira, amma duk suna can suna tsere, ba mai jin ta. Ta goya ɗanta ta kama hanya da ƙafa.

Nan Iya ta tsaya tana gyara wuta.

Muka ce, "Iya, yaron ya warke?"

Ta ce, "Tun ɗazu bakinku a buɗe kuna kallon turmi. Sai yanzu kuka tuna da yaro? Ku tashi, ta ƙare."

Na yi kuka ranar, na ce ba zan ƙara zama ba. Washegari ni ce farkon zuwa.

Yau ni ungozoma ce a asibitin garinmu. Daminar bara aka kawo mana Rabi daga wani ƙauye can bayan Tsauni, a amalanken shanu. Tun safe naƙuda ta kama ta, ruwa ya cika kwarin da ke tsakaninsu da kwalta, mota ba ta iya shiga. Sai la'asar suka iso, ta galabaita, jini na zuba. Allah ya taimake mu, ita da jaririyar suka rayu.

Ina shiga gida na tarar da ƙanena Sanusi, wanda ke karatu a Damagaram, ya zo hutu. Ya miƙo mini salula yana murna.

"Yaya, dubi wannan! Mota ce mai tashi sama, ba direba. Nan gaba kaɗan an gama da wahalar hanya."

Na duba. Wata farar aba ce mai farfela da yawa, mutum biyu zaune a ciki suna murmushi.

Na ce, "Mai naƙuda za ta iya kwanciya a ciki?"

"Wannan ta zama ce, amma ai za a gyara."

"Da me take tashi?"

"Batir."

"A nan, inda wuta ke ɗaukewa muna ɗinki da tocila? In hadari ya taso da iska fa? In ta lalace, wane makaniki ne a tasha zai taɓa ta? Wa zai hana biyu yin karo a kan rufin mutane? Mijin Rabi gero nawa zai sayar ya hau?"

Sanusi ya karɓe salularsa ya ce, "Ke Yaya, komai sai kin ɓata shi."

Na ji kunya, don gaskiyarsa ce, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ina son abin nan. Na ji ana cewa a wasu ƙasashe ƙananan jirage marasa matuƙi na kai jini da magani ƙauyuka. Da akwai mai ɗaukar mutum a ranar da aka kawo Rabi, da na durƙusa na roƙa. Sai da na girma na gane Iya ba ƙin turmin take ba. Haushinta shi ne a ƙera abin mamaki ba a tambayi wa ya fi buƙatarsa ba.

Ranar da aka sallami Rabi, na bi mijinta har bakin amalanke. Na ce, "Malam, in Allah ya kawo wani cikin, kada ka jira komai daga sama ko daga kwalta. Wata tara na kamawa ka kawo mini ita. Akwai ɗaki a gidana."

Ya ce to, ya gyara mata tabarma, ya kaɗa shanunsa.