Kujera Ɗaya Tsakanin Orval da Delbert

Yayana Orval Tvedt manomin alkama ne a Renvik, kuma siyasa ba ta taɓa zuwa masa a rai ba. A 1980 gadar da motar 'yan makaranta ke bi ta fara tsagewa. Ya rubuta wa mahukunta wasiƙa bakwai, ba wanda ya amsa, sai ya ce shi zai je ya faɗa musu da bakinsa. Haka ya tsaya takara, ya zama sanatan mazaɓarmu a majalisar dokokin jihar Dakota ta Arewa.

Majalisarmu da hunturu take zama, lokacin da ƙanƙara ta rufe gonaki. Duk Litinin Orval kan biya ta gidan Delbert Kautzman, sanatan mazaɓar da ke maƙwabtaka da tamu, su kama hanyar Bismarck, babban birnin jihar, a akori-kura ɗaya. Delbert tsohon malamin lissafi ne, bakinsa ba ya hutawa. Matarsa Arlys ce ke haɗa musu kofi da burodi na hanya.

"Taka motar nan mana, tsoho," in ji Delbert. "Kafin mu isa an yi dokar har an soke ta."

"Kai da ba ka taɓa kai doka ko ɗaya gaci ba, saurin me kake yi?"

Shekara ashirin suka yi a haka. An gyara gadar. Tare suka samo wa ƙauyukanmu motar ɗaukar marasa lafiya, abin da Orval ya fi alfahari da shi ke nan.

Sai aka yi ƙidayar jama'a. Matasanmu sun watse birane, mun ragu sosai, aka haɗe mazaɓun biyu suka koma ɗaya. Kujera ɗaya, jam'iyya ɗaya, mutum biyu. Kowa ya zuba ido ɗan'uwansa ya janye, ba wanda ya janye.

Ana saura wata guda zaɓen fidda gwani, Orval ya zo gidana cin abincin rana. Ya yi ta juya dankali a faranti bai ci ba.

"Verna, Delbert ba shi da lafiya," ya ce. "Ran nan na tarar da shi a barandar majalisa yana tsaye, ya kasa gane ƙofar zauren da ya shekara ashirin yana shiga. Na riƙo hannunsa kamar muna hira. Kada ki faɗa wa kowa."

Na faɗa. Mace ɗaya na gaya wa, muna wanke kwanuka a kicin ɗin coci. Cikin mako biyu takarda marar sa hannu ta shiga kowane akwatin wasiƙa, tana tambaya ko za a zaɓi mutumin da ke ɓata a wurin aikinsa. Orval ya ci da ratar ƙuri'a tamanin da uku.

Washegari ya tafi gidan Delbert. Arlys ta tare shi a bakin ƙofa.

"Kai kaɗai ka gani, Orval. Kai kaɗai."

Bai ce mata ni ce ba. Ni ma bai taɓa ɗaga mini maganar ba, kuma ban samu ƙarfin zuciyar zuwa wurin Arlys ba.

Ya yi wa'adinsa na shekara huɗu, yana tuƙa kansa shi kaɗai, bai sake neman kujerar ba. Lokacin an riga an kai Delbert gidan kula da tsofaffi. Na raka Orval wurinsa sau ɗaya. Delbert ya miƙe, ya ba shi hannu cikin fara'a.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Daga ina?"

"Orval ne, Del. Na zo neman gafara."

"Gafarar me? Ai ba ka yi mini komai ba. Zauna mana, yanzu za a kawo kofi."

Orval ya zauna, ya sha kofin. Daga nan duk Alhamis sai ya je, kullum ya sake faɗin sunansa, har Delbert ya rasu bayan shekara uku.

Orval ya bi bayansa a 2012. Majalisa ta yi masa shiru na minti ɗaya, aka aiko mana da tuta. Bayan jana'iza na rubuta wa Arlys wasiƙa, na faɗa mata gaskiya duka. Tana wajen 'yarta a Fargo. Har yau ba ta amsa ba.