Shekarar da Baba Bai Fito a Fim Ba

Wautar da na tafka ba ta wuce kalma ɗaya ba. Masu ɗaukar fim suka tambaye ni yaushe Baba zai dawo, na ce, "Gobe."

Tun Baba yana ɗan mitsitsin yaro waɗannan mutane suke zuwa garinmu Gadarif su ɗauke shi a fim, shi da wasu sa'o'insa. Sai su ɓace shekaru, sai kuma a ga motarsu a ƙofar gida, a zaunar da shi a kan gadon igiya na angareb a tambaye shi ina rayuwa ta kai shi. Yanzu furfura ta fara fito masa. Wanda ya fara riƙe kyamarar ma ya tsufa, 'yarsa ce ta gaje shi. Baba yana da wata farar jallabiya a ƙasan akwati da ba ya sa ta sai don su. Ko ranar Salla ba ta samun wannan gata.

Bana sun zo daidai lokacin yankan riɗi. Baba yana Gadambaliya wajen aikin gona tun farkon damina. Tun rasuwar Inna gidan daga ni sai Kaka, sai wata akuya da ta fi ni samun abokin hira. Matar mai kyamarar ta ce ba komai, za su bi shi gonar. In suka je can, me zai kawo shi gida? Shi ya sa na ce gobe.

Na ruga tasha na ba wani direban lori saƙo: a gaya wa Baba masu fim sun zo, motocinsu sun toshe hanyar kasuwa, gari ya tsaya cak ana jiransa. Alhali mota ɗaya ce, ita ma sai an tura.

Kaka ta harare ni tana soya bun, wato 'ya'yan gahawa. "Kai maigidan nan, wa ya ce maka gobe?"

"Mafarki na yi, amarya."

"Miji maƙaryaci ba ya cin gurasar kisirata."

Gobe ta zo, ba Baba. Na ce ai jibi nake nufi. Suka sha gahawar jabana har na fara tsoron idanunsu ba za su sake rufuwa ba. Da zaman ya yi tsawo, matar ta kunna mini tsofaffin hotunan Baba a ƙarƙashin rumfa.

Sai ga wani yaro mai giɓi, ƙafa duk ƙura, yana rantsuwa zai sayi jirgin ƙasa ya ɗaure shi a bayan gida. Na yi dariya har akuya ta firgita. Ashe ƙaryata ta gado ce! Yaron ya zama saurayi, surutun ya ragu. Daga baya ga shi a cikin farar jallabiyar, yana ba da labarin yadda Inna take waƙa in tana tankaɗe. Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba. Da ni, maganarsa ba ta wuce "Ka yi salla?" Na roƙa aka maimaita mini wurin, aka sake maimaitawa.

Direban ya kawo amsa a safiyar da za su wuce garin Fau wajen wani sa'an Baba. Wai Baba ya ce riɗi ya nuna, in aka bar shi ya fashe ƙasa ce za ta ci. Su zo su same shi, a aiko masa da jallabiyarsa. Matar ta dube ni, ba ta yi faɗa ba. Ta ce lokacinsu ya ƙare. Suka ɗauki hoton angareb ɗin ba kowa a kai, suka tafi.

Baba ya dawo bayan an kakkaɓe riɗi. Na gaya masa duk yadda aka yi, ban ƙara ko gishiri ba. Ya ce, "To." Ya buɗe akwati ya duba jallabiyar ko asu ya taɓa ta, ya mayar. Ya kwana biyu ya koma yankan dawa.