Sunan da Baba Modu Ya Hana a Taɓa

Cikin duk ranakun da na yi a aikin nan, wadda ta ƙi fita raina ita ce ranar da Baba Modu mai kifi ya zo gabatar da littafinsa. Ku da kuka shigo bana ya kamata ku ji yadda aka yi, musamman masu saurin hannu wajen gyara.

Shekara uku ke nan, bayan Babbar Sallah. Lokacin ni kaɗai ce wakiliyar Hajiya Bilki a Maiduguri, ofishin kuma wani ɗan shago ne a unguwar Dala ta Maiduguri, da fanka mai ƙara ba iska. Ga wanda bai san aikin ba, Hajiya Bilki dillaliyar littattafan soyayya ce a Kano. Ba ta buga littafi da kanta. Ita ke haɗa marubuci da masu bugawa, ko da masu tashoshin intanet inda ake karanta labari mata na saurare a waya. Nawa aikin tacewa ne. Marubuciya ta turo mini babi uku na farko, in karanta, in ya yi mini in tura Kano. In Hajiya ta zo gari, wadda na zaɓa ta zauna gabanta ta faɗi labarin da baki har ƙarshensa. A wannan zaman ake ɗaukar littafi ko a mayar da shi.

Akwai kuma abin da muke kira gyaran kasuwa. Masu saurare na son saurayi mai kuɗi, gida a Abuja, sunaye na yayi, a kuma ƙare da biki. Saboda haka in aka kawo mana Talatu da Audu direba, mukan mayar da su Hanan da Sultan matuƙin jirgin sama. Ban taɓa ganin marubuciyar da ta yi gardama ba. Wasu ma godiya suke yi, don sun san da haka littafin zai ci kasuwa.

Babi ukun da nake magana a kai sun shigo ne daga lambar wata Zara. Labarin wani masunci ne a wani gari na bakin tabki da matarsa Yagana. Babu mota, babu turare mai tsada, sai ƙaurin banda da kwale-kwale. Amma wallahi na karanta har shinkafata ta kama a tukunya. An kwatanta Yagana tsaf: wushiryarta, da tabon ƙuna a wuyan hannunta na hagu inda murhun banda ya taɓa ta, da yadda take kiran mijin "Mai kwale-kwale" in tana son ta ba shi haushi. Na ce a raina wannan Zara ta san so, Allah ya sa dai ba a wurin mijin wata ta koyo ba. Na tura Kano, Hajiya ta ce a sa ta a sahun farko.

Ranar zaman, mata sun cika bencin waje, kowacce ta sha lafaya da humra. Na leƙa na kira Zara. Sai wani dattijo ya miƙe daga gefe, da furfura a gemu, da hula zanna bukar a kai, rigarsa wankakkiya amma ƙamshin busasshen kifi ya riga shi shigowa. Na ce, "Baba, shagon caji yana gaba."

Ya gaishe ni da Barbarci ya ce, "Wushe, 'yata. Ni ne na Yagana. Zara 'yata ce, tana gidan mijinta. Ni nake faɗa, ita take rubutawa a waya."

Matan benci suka soma ƙus-ƙus suna rufe baki da gefen lafaya. Ni kaina kunya ta kama ni, don na tuna irin kalaman da na karanta, ga kuma mai su, sa'an babana, yana tsaye da takalmin roba. Hajiya Bilki dai 'yar kasuwa ce, ba ta girgiza da wuri. Ta gyara tabarau ta ce, "Bismilla Baba, zauna. Mun ji farko, ba mu ƙarshe."

Ya ce sunansa Modu, yana da rumfa a Kasuwar Kifi ta Baga Road. Ya ba da labarin a hankali, bai kalli kowa ba. Masunci da Yagana suka yi aure, suka haihu, har ranar da rikici ya watsa garinsu. Ya sa yara a kwale-kwale, ita ta ce bari ta koma ta ɗauko tsohuwarta. Ya jira a bakin ruwa har mutane suka ture kwale-kwalen da ƙarfi.

Hajiya ta ce, "Sai kuma me?"

"Nan ya tsaya."

"A'a Baba, littafin soyayya ba ya tsayawa a bakin ruwa. Za su haɗu, a sake ɗaura musu aure, a yi biki. Wannan mai sauƙi ne, za mu rubuta maka." Ta juyo wurina ta shiga jero gyara yadda muka saba. Masunci zai koma likita. Garin zai koma Abuja. Tabon ƙuna a cire, jaruma ba ta da tabo. "Yagana kuma sunan ya yi nauyi, mu sa mata Hanan."

Baba Modu ya ɗago kai. Muryarsa ba ta tashi ba. Ya ce, "Hajiya, ki mayar da ni likita, ki mayar da ni gwamna ma in kin so. Amma in kika cire sunan da tabon, ta yaya za ta gane ita ce?"

Hajiya ta ce, "Wa?"

"Yagana. Uwar Zara."

Babi ukun nan da na karanta ina murmushi, ina yi wa mai su tsiya a raina, ashe cigiya ce. Ya ce ya zaga sansanonin 'yan gudun hijira har ƙafarsa ta gaji, ya ba da cigiya a masallatai, babu labari. Wata rana a rumfarsa ya ga mata sun zo sarin kifi daga wajen Diffa, suna zaune kan buhu sun kewaye waya ɗaya suna sauraren littafi. Ya tambaye su, suka ce har ƙauyukan Chadi ana ji. Ya ce, "Ita mai son labari ce. In tana raye, cigiya ba za ta same ta a cikin gida ba, amma wannan zai shiga har ɗaki. In ta ji an ce Mai kwale-kwale, ta san babu mai wannan suna sai ni."

Hajiya Bilki ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Can ta ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Manyan tashoshi ba za su karɓi littafi marar ƙarshe ba." Ya gyaɗa kai ya soma laluben takalminsa. Ta ce, "Zauna mana, ban gama ba." Ta ce akwai wata ƙaramar tasha da ba ta taɓa yi mata musu ba, can za ta kai littafin. Ta dube ni ta ce ko wasali ɗaya kar in taɓa, a kuma faɗi lambar ofis a ƙarshen kowane babi.

Aka fara karantawa cikin damina. Na zaci in waya ta yi ƙara, ko masu neman ci gaba ne, ko ita. Kiran farko wata mata ce daga wajen Diffa. Ta ce, "Ni ma sunana Yagana, amma ba ni ce tasa ba. Nawa mijin Bulama ne, dogo, yana ɗingishi. Ko a wurinku an gan shi?" Ban gama dawowa hayyacina ba wani ya kira yana neman ƙanwarsa. Haka aka yi ta yi, mako bayan mako. Ni da na ɗauka aikina auna kalaman soyayya ne, sai ga ni zaune a shago ina jin sunayen mutanen da suka ɓace, ina kuka ina cewa Allah ya bayyana.

Baba Modu ya zo wata Juma'a bayan masallaci. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "'Yata, ta kira?" Na ce ba ta kira ba. Na gaya masa na matar Diffa, ina tsoron kar abin ya ƙara karya masa zuciya. Sai ya ce, "Bulama, dogo, mai ɗingishi. To, a babi na gaba masuncin zai haɗu da shi a kasuwa. Zan faɗa wa Zara. In akwai wasu, ki ba ni su."

Har yau ana karanta littafin, har yau ba shi da ƙarshe, kuma tasa Yaganar ba ta kira ba.

Gyaran kasuwa ban daina ba, da shi muke ci. Amma ranar na gane cewa a garin nan ba kowa ke kawo mana labarin soyayya don ya sayu ba, kuma mu da muke karanta babi uku mu yanke hukunci, sau da yawa ba mu san abin da ke hannunmu ba. Don haka duk wadda ta zauna a kujerar nan, kafin ki goge suna ki sa na yayi, ki kira mai littafin ki tambaye shi sunan wane ne.