Kakin Arzika

Arzika ɗan Manu, mutumin Lambara, ya je yaƙin Bama ya dawo bai harba bindiga ko sau ɗaya ba. Shi da bakinsa yake faɗa, tun ba a tambaye shi ba. Da Turawa suka sauke su a Indiya, aka dubi ƙafafunsa kamar na zalɓe, aka tura shi aikin jinya a asibitin soja. Sauran samari suna daji suna neman suna, shi yana bin gadaje da fo, tasar bayan gidan majinyata.

"Ni da fo munka yi yaƙi," in ji shi, "kuma kullum shi ka cin nasara."

Can ya koyi juya ƙato ba tare da ya fama masa rauni ba, da wanke wanda ya ɓata shimfiɗa. Da ya dawo gida aka laƙaba masa Likita. Har daga Bodinga ake kawo masa marasa lafiya, yana rantsuwa ko allura bai iya ba, ana cewa tawali'u ne.

Sai shanyewar jiki ta kwantar da mahaifinsa. Manu Bafillace ne, Arzika kuma ɗan fari, saboda haka tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Hajjo, ƙanwar Arzika, ba ta iya ɗaga shi. Gadon bayan tsohon ya fara gyambo don kwanciya, Arzika kuwa ya ga inda irin wannan gyambon yake kai mutum. Amma duk lokacin da ya shiga da ruwa, sai tsohon ya juya fuska, ya damƙe mayafi da hannun da ya rage masa.

Abin ya ci wa Arzika rai ƙwarai. Ya wanke bayin Allah da ko yarensu ba ya ji, ga nasa uban ya gagare shi.

Ran nan ya zaro kakinsa daga ƙasan adaka. Asu ya cinye gwiwa, maɓallai sun ƙi haɗuwa, don furar gida ta karɓe shi. Ya kifa hula, ya buga ƙafa a ƙofar ɗaki har kaji suka watse.

"Salamu alaikum, Malam. Gwamnati ta aiko ni in yi maka wanka."

Tsohon ya dube shi daga sama har ƙasa, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya saki mayafin.

Tun daga ranar, kullum safe sojan gwamnati yake zuwa, har gyambon ya rufe. Wata rana yana tsane masa baya, tsohon ya yi magana, fuskarsa na bango.

"Soja."

"Na'am, Malam."

"In ka gamu da yaron gidanga, ka ce mishi Allah shi yi mai albarka."

Arzika ya miƙe ya sara. Ya ce in Allah ya yarda saƙo zai isa.